Sunan da Inna Take Kira da Asuba

Ƙauyenmu yana kudancin Katsina, tsakanin Malumfashi da Ƙafur, inda Kirista da Musulmi ke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya, in an bi salsala ma kaka ɗaya ya haife su. Abu biyu ke tashinmu daga barci tun ina yaro: kiran assalatu daga masallacin da ke bayan dangarmu, da muryar Inna. Ladan na ɗaga murya sai ka ji motsin tabarma a ɗakinta, ta durƙusa ke nan. Ba ta iya tsararriyar addu'a irin ta waɗanda suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Magana take yi da Ubangiji yadda take yi da maƙwabciya ta kan danga: ta faɗi abu, ta yi shiru, ta sake faɗinsa.

Ni ne ɗanta na fari, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Bishara ta shigo gidanmu tun zamanin kakana, ta fitar da tsafi da tulunan giya, amma ba ta taɓa alkunyar ɗan fari ba. In tana nemana sai ta ce, "Ku kira mini wancan." Da na yi aure na haihu, na koma "uban yaran nan". Ƙanenmu na ƙarshe kuwa, wanda zan kira Auta a nan kamar yadda muke kiransa a gida, sunansa ba ya barin bakinta.

Baba ya rasu Auta na da shekara 14. Daga zama wurin masu faci ya fara shaƙar sholisho, daga nan ya koma maganin tari mai kodin, daga nan ƙwaya. Mun yi faɗa, mun yi lallashi, dattawan ikilisiya sun zaunar da shi ba sau ɗaya ba. Wata damina, ana saura kwanaki a fara huɗa, ya kwance shanun nomanmu biyu da dare, ya kai su kasuwa, ya sayar, ya shiga duniya. Shanun nan su ne duk abin da Baba ya bar mana bayan gona. Ni ina koyarwa a wata firamare a Zariya, albashin bai taka kara ya karya ba, amma a kaina nauyin ya faɗo. Na ci bashi na yi hayar shanu, huɗar ta zo a makare, masarar shekarar ba ta yi kirki ba. Shekara 2 ina biyan bashin nan.

Da farko na yi addu'a, kuma da gaske na yi. Mun yi azumin kwana 3, Zumuntar Mata sun zo gida da tulunsu da waƙoƙinsu sun kwana tare da Inna. Shekarar farko ba na kwanciya ban ambace shi ba. A ta biyu sai in na tuna. Ban san ranar da na daina ba, don ba rana guda aka yi ba, kamar yadda ba ka sanin ranar da rijiya ta ƙafe sai ka zura guga ka ji ƙarar ƙasa. Duk wannan lokacin ni ne magatakardan ikilisiyarmu a Zariya. Ranar Lahadi a kan ce in yi addu'ar buɗe sujada, in yi, mutane su amsa da ƙarfi. In wani ya tambaye ni labarin Auta, amsata a shirye take: "Mun bar wa Allah, nufinsa za a yi." Maganar ta yi kama da bangaskiya, har ni kaina na ɗauka ita ce.

Mu Hausawa haƙuri muke yabo. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa, haka aka rene mu. Naci kuwa ba mu ɗauke shi halin kirki ba. In an ce yaro ya cika naci, ba yabonsa aka yi ba, kuma babba mai mutunci in ya roƙi abu sau ɗaya aka yi shiru, kunya kan hana shi sakewa. Shi ya sa misalin da Yesu ya bayar a Luka sura ta 11 yake da nauyi a kunnen Bahaushe. Mutum ya yi baƙo da tsakar dare, ba ko loma a gidansa, ya je ya buga wa abokinsa ƙofa yana neman aron gurasa 3. An riga an kulle, yara sun yi barci, maigidan ya ce a ƙyale shi. A ƙarshe ya tashi ya ba shi, kuma Yesu ya nuna ba abotar ce ta tashe shi ba. Kalmar da Luka ya sa a Helenanci a wurin nan, ma'anarta ta asali rashin kunya ce. Wato abin da muke tsawata wa 'ya'yanmu a kai, shi Ubangiji ya ɗauko ya ce mu zo masa da shi.

Inna, matar da kunya ta hana ta kiran sunan ɗanta, ita ce ba ta da ko ɗigon kunya a gaban Allah. Shekara na bin shekara, maganarta ɗaya. Ta kira sunan Auta sau uku, ta ce, "Ka san inda ya kwana, ni ban sani ba. In yana jin yunwa ka sa wani ya ba shi. Ka juyo mini da shi." Kullum in an kwashe tuwon dare sai ta ware malmala ɗaya ta rufe da faifai, da safe a yi ɗumame a ba almajiran unguwa. A 2018 da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, a rediyo ta ji, ta sa aka kira ni a waya don kawai ta ce mini, "Ka ji? An fara." Ni a raina na ce me ya haɗa dokar Abuja da yaron da ba a san ko yana raye ba.

Ba ni kaɗai nake ganin abin ya yi yawa ba. Wasu matan sun fara cewa tsufa ya taɓa ta. Wani dattijo ya same ta da kyakkyawar niyya ya ce ta sassauta wa kanta, kada hawan jini ya kama ta. Ta ce masa, "Baba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Duk lokacin da na karanta labarin Hannatu a farkon littafin Sama'ila, wurin nan nake tsayawa. Kowace shekara tana hawa Shilo da baƙin cikin rashin haihuwa, kishiyarta Feninna tana tsokanarta, mijinta Elkana yana sonta amma bai gane zurfin ciwon ba. Ranar da ta zube tana roƙo, leɓunanta na motsi ba a jin sauti, Eli firist da kansa ya ɗauka buguwa ta yi. Mai nacin addu'a ba daga waje kaɗai yake shan zargi ba. Sau da yawa daga cikin ɗakin sujada ake fara yi masa kallon wanda hankalinsa ya gushe.

Yanzu na zo wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa.

Inna ba a kan tabarma kaɗai take nacinta ba. Duk inda aka ce an ga mai kama da Auta, sai ta aike ni. Na je Sabon Garin Kano, na je Zuba, na je Kaduna, ban samo komai ba. A shekara ta shida wani ɗan garinmu mai fataucin tumatir ya ce ya hango shi a Legas, wajen Agege. Inna ta sayar da akuyarta mai ciki, ta ƙulle kuɗin a gefen zane ta miƙo mini. Na hau motar dare, na isa Legas. Na sauka wurin wani abokina, na kwana 2, ban tambayi kowa ba. Ban je wurin Sarkin Hausawa ba, ban leƙa mayanka ba, ban nuna hotonsa ga ko mutum ɗaya ba. Na shiga kasuwa na saya wa Inna atamfa turmi ɗaya, na dawo na ce mata, "Inna, na duba ko'ina, babu labari."

A 1 Sarakuna sura ta 18, bayan fari na shekara 3 da wata 6, annabi Iliya ya hau ƙwanƙolin Dutsen Karmel, ya sunkuya har fuskarsa na tsakanin gwiwoyinsa, ya aiki baransa ya je ya dubi wajen teku. Baran ya dawo ya ce ba komai. Ya sake aikensa. Sau shida yana dawowa hannu rabbana, sai a na bakwai ya hango ɗan girgije da bai wuce tafin hannu ba yana tasowa daga teku. Masu wa'azi kan yabi Iliya, kuma ya cancanta. Ni baran nake tunawa. Ba a faɗi sunansa ba, ba a ce yana da wata babbar bangaskiya ba, amma kowane zuwa sai da ya taka ya hau ya duba kafin ya kawo amsa. Da a karo na biyar ya zauna a gindin wani dutse ya huta, ya dawo ya ce ba komai, ba wanda zai kama shi, don amsar daidai take da ta baya. Abin da na yi wa mahaifiyata ke nan.

Na daɗe ina gaya wa kaina gajiya ce, ko raunin bangaskiya. Misalin gwauruwa da alƙali a Luka sura ta 18 ne ya tona mini asiri, wata rana ina shirya darasin makarantar Lahadi. Alƙalin ba ruwansa da tsoron Allah, ba ya ganin kowa da gashi. Matar ba ta da miji, ba ta da kuɗin toshiya, ba ta da wani babba da zai yi mata magana. Ƙafarta kaɗai gare ta, ita take kai ta ƙofarsa yau da gobe, har ya gaji ya bi mata hakkinta don ya huta. Na tsaya ina tambayar kaina, me ke tayar da ita kowace safiya? Sai na ga ba wani sirri ba ne: abin yana yi mata ciwo, kuma tana son a biya mata shi. Mutum ba ya naci a kan abin da ba ya so. Ban daina roƙo don na yanke ƙauna ga ikon Allah ba. Na daina ne don ba na son Auta ya dawo. Shanun nan biyu suna tsaye a maƙogwarona. A ƙarƙashinsu kuma akwai abin da ya girme su: shekara da shekaru ni ke noma, ni ke biyan kuɗin magani, ni ke gyaran rufi, amma sunan da ke fita daga ɗakin Inna da asuba na wanda ya talauta mu ne. Na koyar da labarin ɓataccen ɗa na Luka sura ta 15 sau ba adadi, ina zargin yayan nan da ya tsaya a waje ya ƙi shiga biki, ban taɓa lura da wanda nake kwatantawa ba.

A 2020 da cutar korona ta sa aka rufe makarantu da wuraren ibada, na kwashe iyalina muka koma ƙauye. Rabona da in kwana wata guda cur a gidanmu tun ina saurayi. Ɗakin da aka ba ni yana jikin na Inna, katangar ƙasa ce kawai a tsakani. Wata asuba barci ya ƙi zuwa, na kwanta ina jin ta. Ta gama na Auta yadda ta saba. Ta yi shiru har na ɗauka ta tashi. Sai na ji ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa: "Sai kuma wancan, na farin. Kai ka san sunansa. Shi yana gida amma zuciyarsa ta yi nisa. Ka sassauta masa ita. Kada in mutu in bar su a haka." Washegari na kasa kunne, ta sake. Jibi ma haka. Na tambayi ƙanwata da ke zaune tare da ita, ta ce, "Yaya, ai tun shekarar da aka sayar da shanu take wannan."

Sai da na kwana 4 kafin na iya zuwa. Na same ta da yamma tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na ce, "Inna, na yi miki ƙarya. Ban nemi Auta a Legas ba." Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani." Na ce ta yaya? Ta ce, "Wanda ya nemi ɗan'uwansa bai gan shi ba, ba ya tunawa da tsaraba." Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da atamfar nan, ko warware ta ba a yi ba, shekara 2 tana ƙarƙashin akwati. Ta ajiye a gabana ta ce, "Ka riƙe. Ran da ya dawo ka ba matar da zai aura." Ba ta yi mini faɗa ba, ni kuwa da ta yi da na fi samun sauƙi.

Inna ta rasu a daminar da ta biyo baya, shekara 9 da tafiyar Auta, ba ta gan shi ba.

Ba zan ɓoye ba, wannan ya girgiza ni. Akwai wa'azin da ya yi yawa a zamanin nan, mai mayar da naci kamar ciniki: ka yi azumin kwana kaza, ka ba da baiko kaza, dole ƙofa ta buɗe. Masu irin wannan wa'azi ba su da abin da za su faɗa a bakin kabarin Inna, sai dai su ce bangaskiyarta ce ba ta kai ba, ni kuwa ba zan yarda kowa ya faɗi haka a kanta ba. Littafi Mai Tsarki ya fi su faɗin gaskiya. Dawuda ya yi azumi ya kwana a ƙasa yana roƙo saboda jaririnsa, a rana ta bakwai yaron ya mutu. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ba shi na ɗaukarta. Yesu kansa a Getsamani sau uku ya koma yana maimaita roƙo ɗaya, kuma bai tsallake gicciye ba. A nan ne na ga bambancin miƙa wuyansa da nawa. Shi ya miƙa kai ga nufin Uba yana tsakiyar roƙo, gumi na zuba. Ni na ambaci nufin Allah ne don kada in roƙa. Na tuna da Monika, 'yar Afirka ta Arewa daga ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wadda ta yi shekaru tana kuka a kan ɗanta Agustin har aka yi masa baftisma a Milan a shekara ta 387, ta rasu a wannan shekarar bayan idonta ya gani. Inna ba ta samu haka ba. Nata rabon irin na mutanen Ibraniyawa sura ta 11 ne, waɗanda suka hango alkawari daga nesa suka mutu ba su riƙe shi a hannu ba. Amma roƙonta biyu ne, kuma na biyun ta ga farkon amsarsa ranar da na durƙusa gaban tiren gyaɗa.

Bayan an share makoki na ɗauki tabarmarta na tafi da ita Zariya. Ba zan ce abin ya zo mini da sauƙi ba. Watannin farko in na buɗe baki zan kira sunan Auta, shanun nake gani. Wata asubar ba abin da nake iya cewa sai, "Ubangiji, ba na son sa tukuna, ka sa in so shi." Haka na yi ta yi, ba daɗi, ba hawaye, kamar mai huɗa a busasshiyar ƙasa. Yakubu da ya kwana yana kokawa a mashigin Yabbok ya ƙi sakin abokin kokawarsa sai an sa masa albarka. Ya samu, amma gari ya waye yana ɗingishi, an kuma sauya masa suna. Abin da ya fi taɓa ni a Farawa sura ta 32 shi ne abin da ke jiran sa da safe: ɗan'uwansa Isuwa, wanda rabonsu da juna shekara 20. Sai da aka karya shi da dare kafin ya iya fuskantar ɗan'uwansa da rana. Ni ma ban san ranar da fushin ya sake ni ba. Na dai lura wata rana ina roƙo kada sanyin hunturu ya same shi ba riga, kuma har cikina nake nufi.

Da hutun ƙarshen shekara na koma Agege da kuɗin aljihuna. Wannan karon na duba. Na gaida Sarkin Hausawa na faɗi abin da ya kawo ni, na bi mahauta a mayanka, na bi 'yan dako a kasuwar Mile 12, na zauna da masu shayi har tsakar dare ina nuna tsohon hoto. Yawancinsu Musulmi ne, kuma ba wanda ya tambaye ni addinina kafin ya karɓi lambar wayata. Wani dattijo mai sayar da goro ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, Allah ya haɗa fuskokinku." Na kwana 6 na dawo ba labari.

Bayan wata 5, ina cikin aji, baƙuwar lamba ta shigo. Na fita baranda na ɗauka. Aka yi shiru, sannan wata murya da ta dushe ta ce, "Yaya." Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a kan dakali. Tambayarsa ta farko, "Ina Inna?" Na gaya masa. Na ji numfashinsa na ɗan lokaci, sai layin ya katse.

Daga ranar zuwa yau ya kira sau huɗu, kowane da lambar wani. Bai faɗi inda yake kwana ba, kuma daga muryarsa na san bai rabu da abin da yake sha ba. A kira na uku ya fara maganar shanu, na ce masa an wuce wurin, ya yi kuka. A na huɗu na gaya masa Inna ta bar masa atamfa, na ce in turo kuɗin mota. Ya ce, "Yaya, da wane ido zan shiga garin?" Na ce ba sai ya fara da garin ba, ya sauka Zariya, ni zan tare shi a tasha ko ƙarfe nawa ne. Ya ce zai yi tunani.

Wata 3 ke nan bai sake kira ba. Kafin ruwan bana ya sauka na je ƙauye na sa an sauya kwanon ɗakinsa da ke yoyo. Matata ta fara ware malmala ɗaya da dare ba tare da na ce mata komai ba. Wayata a gefen tabarmar take kwana, ba na kashe ta. Yau da asuba, da ladanin unguwarmu ya ɗaga murya, ɗana na fari ya turo ƙofa ya same ni a durƙushe, ya tsaya yana saurare, sannan ya ce, "Baba, wane ne wannan da kake kira sau uku?" Na matsa masa gefe a kan tabarmar, na ce ya zauna in gaya masa.